Gidan Ruwan Fairmount na Filadelfiya: Me Ya Kashe Shi Alhali Injinansa Na Aiki?

Idan mutum ya zagaya bayan babban gidan adana zane-zane na birnin Filadelfiya, a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya gangara zuwa bakin kogin Schuylkill, zai tarar da jerin gine-gine masu launin madara da ginshiƙai irin na tsohuwar Girka, sun yi layi a kan wata doguwar farfajiya da ke fuskantar madatsar ruwa. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka gidan hutawar wani attajiri ne. Sai ya sauka ƙarƙashin farfajiyar sannan zai ga abin da aka yi ginin dominsa: ɗakuna masu kaurin bango na dutse da bulo, da wata tsohuwar farfelar ƙarfe da aka kafa tun 1851 tana nan inda aka girke ta, da kuma wani kwamin ninkaya da ya bushe fiye da shekara hamsin. Wannan shi ne gidan ruwan Fairmount, wanda ya shayar da birnin daga 1815 zuwa 1909, sannan ya yi ta sauya sana'a har ya zama kango a shekarun 1970, kafin a farfaɗo da wani sashe nasa.

Yawanci idan aka ga kangon aikin gwamnati, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne injina sun lalace, ko kuɗi sun ƙare, ko an yi sakaci da gyara. Labarin Fairmount bai bi wannan hanya ba. A ranar da aka rufe shi famfunansa suna tura ruwa yadda ya kamata, madatsarsa tana tsaye, kuma ma'aikatansa sun san aikinsu. Abin da ya lalace shi ne kogin da yake ɗiba, kuma gidan an gina shi ne don ɗaga ruwa zuwa sama kawai, ba shi da hanyar gyara ruwan da ya ɓaci. Duk wanda yake son fahimtar bangayen da suka rage a wurin, dole ya riƙe wannan bambanci tsakanin tura ruwa da tsaftace shi.

Asalin maganar ya faro ne daga annoba. A 1793, lokacin da Filadelfiya ce fadar gwamnatin Amurka, zazzaɓin shawara ya kashe kimanin mutum 5,000 a birnin da yawan jama'arsa bai wuce 50,000 ba, kuma cutar ta riƙa dawowa a shekarun da suka biyo baya. Likitocin zamanin sun ɗora laifin a kan ƙazanta da warin tituna, sai aka yanke shawarar cewa birnin yana bukatar ruwa mai yawa na wanke tituna, da kashe gobara, da sha. Sun yi kuskure a kan musabbabin cutar, domin sai a 1900 aka tabbatar cewa sauro ne ke yaɗa ta. Amma sun yi daidai a wani ɓangaren da ba shi suka nufa ba: rijiyoyin cikin gari suna maƙwabtaka da ramukan masai, kuma gangunan da ake tara ruwan sama a tsakar gidaje su ne matattarar sauron.

Yunƙurin farko na Benjamin Henry Latrobe ne, masanin gini haifaffen Ingila, kuma ya fara aiki a Janairun 1801. Injin tururi ɗaya yana ɗebo ruwa daga Schuylkill ya zuba shi a wata hanyar bulo ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ke kai shi tsakiyar gari, daidai inda ginin hukumar birnin yake a yau. A can wani injin na biyu yake ɗaga shi zuwa tankunan katako da ke saman ginin. Matsalar ita ce tankunan ƙanana ne ƙwarai, ruwan cikinsu ba ya kai sa'a ɗaya idan inji ya tsaya, kuma da yake injinan biyu suna jere ne, ɗaya na ciyar da ɗaya, ko wanne ya samu cikas sai famfunan gari su ƙafe. Bututun da suka rarraba ruwan kuwa kututturan itace ne da aka fafe cikinsu aka haɗa baki da baki. A 2017 ma'aikatan da ke haƙa a titin Spruce sun ci karo da irin waɗannan kututtura, suna kwance a ƙasa bayan shekaru kimanin ɗari biyu.

Wanda ya gyara tsarin shi ne Frederick Graff, almajirin Latrobe da ya zama shugaban aikin ruwan birnin. Dabararsa mai sauƙi ce, irin wadda duk mai tanki a saman gidansa ya sani: a ɗaga ruwa sau ɗaya zuwa wuri mai tsawo, a tara shi da yawa, sannan nauyinsa ya gangaro da shi ko da inji yana hutawa. A gefen kogin akwai wani tudu mai suna Fairmount wanda ya fi kowace unguwa ta birnin na lokacin tsawo. Aka haƙa babban tafki a ƙolinsa, kusan mita 30 sama da kogin, aka gina ɗakin injina a gindinsa. An fara ginin a 1812, ruwa ya fara hawa a 1815. Wannan ɗakin injina, mai kama da gidan zama na bene, shi ne mafi tsufa a jerin gine-ginen da ake gani yau.

Injinan tururin ba su yi ƙarko ba. Akwai guda biyu, ɗaya mai ƙaramin matsi irin na Ingila, ɗayan kuma mai matsi mai ƙarfi ƙirar Oliver Evans, kuma dukansu suna cin itacen wuta ba ƙaƙƙautawa, abin da ya sa kuɗin da ake kashewa ya fi wanda ake karɓa daga masu amfani da ruwan. Tukunyar injin Evans ta fashe har sau biyu, mutum uku suka rasa rayukansu. Kwamitin ruwa na birnin sai ya ɗauki matakin da mutane da yawa za su kira komawa baya, wato ya bar tururi, sabuwar fasahar zamanin, ya koma ga ƙarfin ruwa da ake niƙa hatsi da shi tun zamanin da. A ganina babu shawarar da ta fi wannan hikima a duk tarihin gidan, domin kwamitin ya duba lissafi ne bai duba yayi ba.

Daga 1819 zuwa 1821 aka datse kogin. Ariel Cooley, ɗan jihar Massachusetts, shi ya gina madatsar da manyan akwatunan gungumen itace da aka cika da duwatsu aka nutsar, kuma tsawonta ya haura mita 600. Ba a miƙe take tsallaka kogin ba, a karkace aka shimfiɗa ta, domin ambaliya da tubalan ƙanƙarar hunturu su zame ta gefe maimakon su doki gine-ginen. Ruwan da ya taru a bayanta ana karkatar da shi zuwa wani mashigi da aka fasa cikin dutse a bayan sabon ɗakin famfo. Daga wannan mashigi ruwa yake zubowa cikin aljihunan wasu manyan wiloli masu faɗi, nauyinsa ya juya su, sannan ya fita ya koma kogi a ƙasan madatsar. Kowane wili yana haɗe da sanda mai tura fistin gaba da baya a cikin famfo, famfon kuma ya zuƙi ruwa daga wannan mashigin ya tura shi ta bututun ƙarfe zuwa tafkin da ke kan tudu. Ma'ana kogin ne yake ɗaga kansa: kaso mafi yawa na ruwan yana wucewa ne don juya wili, ɗan kaɗan ne yake hawa sama don amfanin gari. Wiloli uku suka fara aiki a 1822, zuwa 1843 sun zama takwas.

Kuɗin aiki ya faɗi warwas, domin babu itace, babu tukunya, kuma mutum kaɗan ne ke lura da wilolin. Gidan ruwan ya fara kawo wa birnin riba. Aka riƙa sauya bututun katako da na ƙarfe, aka ƙara tafkuna a kan tudun, kuma zaman da ruwa yake yi a cikinsu yana sa laka ta kwanta kafin ya gangara gari. Lokacin da kwalara ta ratsa Amurka a 1832, mutanen da suka mutu a Filadelfiya ba su kai 1,000 ba, alhali a New York, wadda har lokacin rijiyoyi ne madogararta, sun haura 3,000. Birane da dama suka riƙa neman shawarar Graff. Hukuma kuma ta ƙawata wurin da lambuna da hanyoyin yawo da maɓuɓɓugai, masassaƙi William Rush ya sassaƙa gumaka biyu a 1825 da ke nuna kogin a ɗaure da kuma kogin a sake, aka ɗora su a kan ƙofofin ɗakin famfo. Baƙi daga Turai ba sa barin birnin sai sun je kallon wilolin suna juyawa. Ginshiƙan da ke ruɗar mai ziyara a yau da gangan aka yi su, don a nuna wa mai biyan haraji cewa aikin jama'a abin alfahari ne.

Wilolin suna da aibi guda. Schuylkill a ƙasan madatsar yana bin cika da janyewar teku, saboda haka sau biyu a kowace rana ruwa yakan taso ya shiga ƙarƙashin wilolin ya hana su juyawa. Bayan rasuwar Graff a 1847, ɗansa Frederic Graff ƙarami ya gaje shi, kuma shi ne ya kawo injin farfela ƙirar Jonval ta Faransa, wanda injiniya Emile Geyelin ya kafa a 1851. Ita farfelar a kwance take cikin ruwa, ruwan yana ratsa fikafikanta daga sama zuwa ƙasa, don haka tasowar teku ba ta tsayar da ita kamar wili. Aka gina sabon ɗakin famfo tsakanin 1859 da 1862 domin ƙarin farfeloli, aka sake fasalin tsohon ɗakin daga 1868 zuwa 1872, kuma a nan ne farfajiyar ta samu babbar rumfar ginshiƙan da ke tsakiyarta. Ta fuskar injina dai gidan bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Ta fuskar kogi kuwa abubuwa sun riƙa taɓarɓarewa. Hukumomin birnin sun hango haɗarin da wuri, kuma wannan ya cancanci a faɗa. A 1844 suka sayi gandun Lemon Hill da ke sama da madatsar, don kada a gina masana'anta a bakin ruwan da ake sha. A 1855 aka mayar da shi wurin shaƙatawar jama'a, a 1867 kuma aka kafa hukumar gandun Fairmount, wadda ta yi ta sayen filaye a gaɓar kogin biyu tana rushe masana'antun da ta tarar. Babban gandun da Filadelfiya take taƙama da shi a yau, katangar kare ruwan sha ce tun asali.

Sai dai kogi ba ya farawa daga iyakar gandu. 'Yan kilomitoci sama da Fairmount akwai Manayunk, unguwar masaƙu da marina da masana'antun takarda, duk suna zuba dagwalonsu a ruwa. Gaba da nan akwai Conshohocken, da Norristown, da Pottstown, da Reading, kowane gari da ma'aikatun ƙarfensa da mayankarsa da magudanan bayan gidansa. Can kusa da mafarin kogin kuma mahaƙan kwal suna wanke gawayinsu, baƙar ƙura tana gangarowa tana kwanciya a ƙasan ruwa. Ikon Filadelfiya bai kai waɗannan garuruwa ba. Ko a cikin birnin ma, wadatar ruwan famfo ita kanta ta haifi sabuwar matsala, domin da mutane suka fara saka bahon wanka da masai na ruwa a gidajensu, ƙazantar da a da take zama a rami sai ta koma bin lambatu da rafuka zuwa kogi. Gidan ruwan ya ba birnin damar bunƙasa, bunƙasar kuma ta gurɓata ruwan da gidan yake ɗiba. A shekarun 1880 an gina wata babbar magudana daga Manayunk da ke kwashe ƙazanta ta zubar a ƙasan madatsar, ta rage ɓarnar amma ba ta kawar da ita ba.

Sakamakon shi ne zazzaɓin taifot, wanda ƙwayarsa ke fita daga hanjin mai cuta ta shiga cikin mai lafiya ta ruwa ko abinci. Tafkin da ke kan tudu yana iya kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, saboda haka ruwa yakan fito garau a famfo yana ɗauke da ajali. A ƙarshen ƙarni na 19 Filadelfiya tana cikin manyan biranen Amurka da taifot ya fi yi wa ɓarna, ɗaruruwan mutane suna mutuwa kowace shekara, kuma a 1906 kaɗai waɗanda suka mutu sun haura 1,000. An shafe shekaru ana muhawara tsakanin masu son a janyo ruwa daga tsaunuka masu nisa, kamar yadda New York ta yi da kogin Croton tun 1842, da masu son a tace ruwan da ake da shi. A 1899 wani kwamitin injiniyoyi da Rudolph Hering yake ciki ya ba da shawarar tacewa. Aikin ya gamu da badaƙalar kwangila da ta tsayar da shi a 1905, mutane kuma suna ci gaba da shan ɗanyen ruwa a tsawon wannan jinkiri.

Tacewar da aka zaɓa ita ce ta yashi mai tafiyar hawainiya, kuma yadda take aiki shi ne ya yanke wa Fairmount hukunci. Ana shimfiɗa tsakuwa a ƙasan wani faffaɗan kwami, a ɗora yashi mai laushi mai kaurin kusan mita ɗaya, sannan a saki ruwa ya riƙa tsatsafowa a hankali. Bayan ɗan lokaci wata 'yar fata mai yauƙi ta ƙananan halittu takan samu a saman yashin, kuma ita ce take kama ƙwayoyin cuta ta cinye su. Idan ta yi kauri ta toshe, sai a tsayar da kwamin a kankare samansa. Da yake ruwan ba ya sauri, shayar da birnin da jama'arsa suka haura miliyan ɗaya yana bukatar eka masu yawa na irin waɗannan kwamaye. Fairmount kuwa a matse yake tsakanin dutse da kogi, babu filin da za a shimfiɗa su. Aka gina matatun a wasu wurare, a Roxborough da Belmont da Queen Lane a kan Schuylkill, da kuma mafi girmansu a Torresdale a kan kogin Delaware. Da yawancinsu suka fara aiki sai aka sallami Fairmount a 1909. A 1913 aka fara zuba sinadarin kulorin a ruwan birnin, taifot ya ja baya sosai cikin 'yan shekaru. Har yau Belmont da Queen Lane da Torresdale, wadda aka sauya wa suna zuwa Baxter, su ne suke shayar da birnin.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa kangon yake da wuyar karantawa, domin kowane sabon mai haya ya goge wani abu. A 1911 aka mayar da gine-ginen gidan kallon kifaye, aka kwashe kusan dukan injinan, aka jera akwatunan gilashi a gurbinsu. Tafkunan kan tudu aka cike su, aka gina gidan adana zane-zanen nan a kansu, wanda aka buɗe a 1928. Mashigin ruwan da aka fasa cikin dutse, wanda shi ne jijiyar dukan tsarin, aka binne shi aka shimfiɗa titi a kai. Wannan binnewa ce asarar da ta fi kowace girma ga mai son fahimta, domin mutum yana iya tsayawa a kan titin bai san cewa ƙarƙashin ƙafarsa ne ruwa yake bi ya shiga famfunan ba, sai ya ga gini a bakin kogi ya rasa ta inda ruwa yake shigarsa. Gidan kifayen ya rufe a 1962. A sabon ɗakin famfo kuma aka yi kwamin ninkaya da kuɗin iyalan Kelly, sanannun 'yan birnin, inda ɗalibai suka riƙa atisaye har ambaliyar guguwar Agnes ta 1972 ta lalata shi.

Daga nan wurin ya zama kufai na sosai, rufi yana yoyo, ƙarfe yana tsatsa, ciyayi suna tsirowa a tsagar bango. Wata ƙungiyar mata ta sa kai mai suna Junior League ce ta fara gangamin tara kuɗin ceto shi a 1974, kuma a 1976 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Gyaran ya ɗauki kusan shekara talatin. A 2003 hukumar ruwan birnin ta buɗe cibiyar ilimantarwa a cikin tsohon ɗakin famfo, inda ake koya wa yaran makaranta daga ina ruwan famfonsu yake zuwa da kuma inda yake tafiya bayan sun yi amfani da shi. Kwamin ninkayar dai ba a sake cika shi ba, an bar shi a bushe, lokaci-lokaci ana baje kolin zane ko tarihi a cikinsa.

Kogin ma ya farfaɗo, ko da yake a makare ga gidan da ya dogara da shi. Daga ƙarshen shekarun 1940 jihar Pennsylvania ta yashe miliyoyin tan na ƙurar kwal daga cikinsa, dokar tsaftar ruwa ta tarayya ta 1972 ta tilasta wa garuruwa da masana'antu tace dagwalonsu, yawancin masaƙun Manayunk kuma suka rufe da kansu. A 1979 aka gina wa kifaye matakala a gefen yamma na madatsar, domin irin waɗanda suke tasowa daga teku don yin ƙwai su samu hanyar da aka toshe musu tun 1821. Barazanar da ta rage wa ginin ita ce ambaliya, domin an kafa shi ne a bakin ruwa dab da dab saboda aikinsa na farko, kuma babu yadda za a matsar da shi. A Satumban 2021 ragowar guguwar Ida ta ɗaga Schuylkill zuwa matsayin da ba a gani ba a Filadelfiya tun 1869, ruwa da taɓo suka cika ɗakunan ƙasa, har da wani baje koli da aka gama shiryawa a cikin kwamin ninkayar, wanda sai a 2022 aka samu buɗe shi bayan an kwashe laka an sake gyara.